Yadda Ake Yaƙar Darɓa ta Hanyar Ƙwarin da ke Cin Ta a Lambu da Ɗakin Shuka

Duk wanda ya taɓa noman rani ya san ranar da ake juya ganyen kabeji ko na kuɓewa, a tarar da bayansa ya cika maƙil da ƙananan ƙwari, wasu kore, wasu baƙaƙe, wasu kuma kamar an barbaɗa musu toka. Wannan ita ce darɓa. Kafin ma a gan ta akan ga aikinta, domin tohon shuka zai nannaɗe, ganyen ƙasa ya riƙa ƙyalli da danƙo kamar an yayyafa masa ruwan sukari, tururuwa da kiyashi kuma su yi ta kai-komo a jikin kara. Abin da akasarinmu ke yi a irin wannan rana shi ne mu saɓi famfon feshi mu nufi shagon magani. Akwai wata hanyar da ta dogara da ƙwarin da darɓa ce abincinsu, kuma mafi yawan waɗannan ƙwari suna cikin lambun tun kafin mai lambun ya san da zamansu. Aikin da ke gabansa shi ne ya gane su, ya daina kashe su, sannan ya ba su abin da zai zaunar da su.

Sai an fahimci yadda darɓa ke hayayyafa kafin a gane dalilin da feshi kaɗai ke gazawa a kanta. A ƙasashe masu zafi irin namu macen darɓa ba ta jiran namiji kuma ba ta yin ƙwai. 'Ya'ya take haifa da ransu, dukkansu mata, kuma kowace ɗaya takan isa haihuwa cikin kusan mako guda idan yanayi ya yi mata daɗi. Uwa ɗaya na iya haifar 'ya'ya gommai a ɗan gajeren zamanta. Idan ganye ya yi musu kaɗan, sai wasu su fito da fukafukai, iska ta kwashe su zuwa wani fangalin ko wani lambun. Saboda haka ko da feshi ya kashe casa'in da tara cikin ɗari, ɗayar da ta ɓuya a cikin nannaɗaɗɗen ganye ta isa ta sake cika wurin cikin 'yan makonni. Maƙiyanta kuwa sai sun bi ta matakin ƙwai da tsutsa da kwanciya kafin su girma, don haka farfaɗowarsu ta fi tata jinkiri nesa ba kusa ba. Nan ne asalin abin da manoma ke kuka da shi, cewa sun yi feshi darɓa ta dawo fiye da da. Ga kuma wata matsalar, wasu nau'o'in, musamman koriyar da ke kama tattasai da wadda ke kama auduga da kuɓewa da kankana, sun riga sun saba da magunguna da dama a sassa daban-daban na duniya.

Gane abokan aiki

Wanda ya fi sauƙin ganewa shi ne ɗan ƙwaron nan mai kumburarren baya kamar an kifa rabin ƙwayar wake, mai sheƙi, ja ko ruwan ɗorawa da ɗigo-ɗigon baƙi, wani lokaci kuma baƙi da ɗigon rawaya. Turawa na ce masa ledibad, ni kuwa zan kira shi mai-ɗigo. Babbansa na iya cin darɓa gommai a wuni. Ƙwansa rawaya ne, dogo-dogo, yana tsaye a jere cikin gungu a bayan ganye, daf da garken darɓa, kuma yakan ƙyanƙyashe cikin kwana uku zuwa biyar. Tsutsarsa ce ke rikita mutane, domin ba ta kama da uwarta ko kaɗan: baƙa ce ko ruwan toka, mai ƙafa shida, jikinta da ƙuraje-ƙuraje da tabon ja ko rawaya, kamar ɗan kada da aka ƙanƙantar. Tana cin ɗaruruwan darɓa kafin ta manne a ganye ta kwanta ta rikiɗa. Ni kaina a shekarar da na fara lambu na wuni ina murƙushe waɗannan tsutsotsi da yatsa a kan wake, ina ganin su ne suka lalata ganyen, alhali abin da ya lalata ganyen suka zo ci. Bayan kwana goma sai da na tuge layin nan gaba ɗaya.

A nan akwai abin kiyayewa guda. Mai-ɗigo yana da ɗan'uwa wanda ganye yake ci, ana samunsa a kan kabewa da gurji da kankana. Bayansa ba ya sheƙi domin lulluɓe yake da gashi mai laushi, launinsa kamar na jan bulo, tsutsarsa rawaya ce mai ƙayoyi masu rassa, kuma ganyen da ya ci yakan koma kamar raga. Wannan maɓarnaci ne, a tsince shi a kashe.

Na biyu shi ne ƙudan da ke da zanen baƙi da rawaya kamar ƙudan zuma, wanda ake gani ya tsaya cak a iska a kan fure, sannan ya zabura gefe ya sake tsayawa. Ba ya harbi. Babbansa ruwan fure da garin fure yake sha, amma yakan ajiye farin ƙwansa ɗaya-ɗaya a tsakiyar darɓa, tsutsar da ke fitowa kuma ba ta da ƙafa, koriya ce ko ruwan ƙasa, mai tsinin kai. Wanda ya zuba mata ido da gilashin ƙara girma zai ga tana lalube hagu da dama, ta cafke darɓa ta ɗaga ta sama, ta tsotse ta sarai ta yar da fankon. A lambunan da na sani wannan tsutsa ce ke fara isowa, kuma ita aka fi kashewa bisa kuskure saboda kamarta da tsutsar da ke cin ganye. Bambancin shi ne ganyen da take kai ba shi da huda.

Na uku koren ƙwaro ne siriri mai fukafukai shara-shara kamar leshi, wanda kan zo wurin fitila da dare. Ƙwansa ba ya ɓata wa kowa: kowane ɗaya yana rataye a kan wani siririn zare da ke tsaye a kan ganye. Tsutsarsa na da baki kamar lauje biyu, kuma ban da darɓa tana cin ƙwan malam-buɗe-littafi da wasu ƙananan ƙwari.

Na huɗu ba a cika ganinsa ba, sai dai aikinsa. Wani ɗan mitsitsin zanzaro ne da tsawonsa bai wuce milimita biyu zuwa uku ba, wanda ke soka ƙwai ɗaya a cikin jikin darɓa. Tsutsar ta girma a ciki tana cin ta, bayan kamar mako guda darɓar ta kumbura, ta bushe, ta koma ruwan ƙasa mai haske kamar ƙwayar gero, ta manne a ganye. Bayan 'yan kwanaki sabon zanzaro ya yanka ƙofa zagayayya a bayanta ya fito. Mace ɗaya na iya soke darɓa ɗaruruwa. Ganin waɗannan busassun gawarwaki a bayan ganye albishir ne, kada a kuskura a tsinke ganyen a zubar. Gizo-gizo da ƙananan tsuntsaye ma suna taimakawa, amma waɗannan huɗun su ne ƙashin bayan aikin.

Wanda yake son ya koyi ganin su ba tare da ya jira lambunsa ya kamu ba, ya je wurin tumfafiya. Akwai darɓa rawaya mai baƙaƙen ƙafafu da ke taruwa a tohonta, kuma sau da yawa akan tarar da tsutsar ƙudan nan da busassun gawarwaki a tsakiyarta. Bayan ganyen masara da dawa da wake ma makaranta ce.

Abin da za a yi a lambu

Farkon aiki shi ne zagaye. Sau biyu a mako, da safe kafin rana ta yi zafi, a zaɓi shuka kamar ashirin daga sassa daban-daban na lambun, har da gefen da iska ke shigowa, a juya ganye, a buɗe toho. A rubuta a takarda shuka nawa ke da darɓa, kuma a cikinsu nawa ke da ƙwan rawaya ko tsutsa ko busasshiyar gawa. Rubutun yana da muhimmanci domin ido yana ruɗin mutum. Garke ɗaya mai muni kan sa a ga kamar lambun duka ya tafi. Idan darɓa na kan shuka kaɗan kuma maƙiyanta sun bayyana, a ba su mako guda zuwa kwana goma. Masu aikin ɗakin shuka kan ɗauka cewa idan kusan ɗaya cikin goma na darɓar da ke kan ganye ta zama busasshiyar gawa, garken ya kama hanyar rushewa, domin da yawa daga cikin masu motsin ma an riga an soke su. Wannan jira shi ne mafi wuya a cikin aikin duka, musamman idan maƙwabcin fangali yana feshi yana kuma yi wa mutum kallon malalaci.

Jiran ba na naɗe hannu ba ne. Inda garke ya yi yawa kuma ba a ga abokan aiki a cikinsa ba, a murje shi da yatsa, ko a tsinke tohon a binne, ko a fesa masa ruwa mai ƙarfi daga ƙasan ganye, domin darɓar da ta faɗo ƙasa da wuya ta sake hawa. Idan hakan bai wadatar ba sai a koma ga ruwan sabulu, kimanin mililita 10 zuwa 20 na sabulun ruwa marar bilic a lita ɗaya, a fesa a kan shukar da ta kamu kaɗai, da yamma, bayan an gwada a kan ganye biyu ko uku an ga bai ƙona su ba. Sabulu sai abin da ya jiƙa yake kashewa, da ya bushe kuma aikinsa ya ƙare, shi ya sa ƙwarin da suka zo washegari ba sa cutuwa. Haka ma ruwan 'ya'yan darbejiya, wadda wasu ke kira dogonyaro ko maina: a daka busassun ƙwayoyin ciki giram 30 zuwa 50 ga kowace lita, a jiƙa su kwana, a tace da ƙyalle, a fesa a ranar. Ya fi maganin shago sauƙi a kan abokan aiki, amma kada a ɗauka ba ya taɓa su sam, domin tsutsar da aka jiƙa da shi kai tsaye tana jin jiki. Abin da za a nisanta shi ne magungunan da ke kashe komai, irin su fiya-fiya da dayimetowet da dangin sayifametirin, waɗanda wasunsu ke ci gaba da kisa a kan ganye kwanaki bayan feshi.

Sai batun tururuwa, wanda mutane da yawa ba sa haɗa shi da darɓa. Danƙon nan da darɓa ke fitarwa abinci ne gare su, saboda haka kiwonta suke yi kamar yadda makiyayi ke kiwon shanu: suna korar mai-ɗigo, suna ɗauke tsutsa su jefar, suna hana zanzaro sauka. Duk inda aka ga garken darɓa ya yi ƙiba babu maƙiyi ko ɗaya a cikinsa, a duba kara. A bishiyar lemo ko gwaiba, a naɗa leda ko tef a gindin sannan a shafa giris ko wani abu mai danƙo a kan ledar, kada a shafa a ɓawon kai tsaye, a kuma sare rassan da suka taɓa ƙasa ko katanga domin kada su zama gada. A fangali kuwa, a bi layinsu zuwa ramin, a farfasa shi da fartanya a cika shi da ruwa, a maimaita har su ƙaura.

Taki ma yana da hannu. Shukar da aka ɗura wa yuriya takan fitar da toho mai laushi mai ruwa, wanda shi darɓa ta fi so, kuma a kansa ta fi saurin haihuwa. A raba takin kashi biyu ko uku maimakon a zuba gaba ɗaya, a haɗa da takin gida da ya ruɓe sosai.

Abin da ke zaunar da abokan aiki a lambu shi ne fure da mafaka. Manyan ƙudan nan da zanzaro da mai fukafukan leshi suna buƙatar ruwan fure, kuma macen ƙudan sai ta ci garin fure ƙwanta ke nuna. Bakinsu gajere ne, don haka ƙananan furanni buɗaɗɗu suka fi yi musu amfani. A bar layin albasa ya yi fure kamar yadda masu ɗiban iri ke yi, a bar latas kaɗan ya yi tsiri, a dasa ɗoɗɗoya a kusurwoyin fangali, wanda ya sami irin koriyanda kuma ya shuka shi kashi-kashi duk bayan mako biyu ko uku domin kada fure ya yanke. Layi biyu na masara a kewayen lambu na yin aiki uku: suna tare ƙurar hunturu wadda ke hana ƙananan zanzaro sakewa, suna ba da garin fure, kuma darɓar da ke zama a masara ba ta rayuwa a kan kabeji ko tattasai, amma tana ciyar da maƙiyan darɓa kafin ta kayan lambun ta iso. Sai dai a shuka masarar mako uku ko huɗu kafin dashe, in ba haka ba ta makara.

Ana kuma iya ɗauko abokan aiki daga wani wuri. Tsutsa ake ɗauka, domin babban mai-ɗigo da an sake shi yakan tashi ya yi gabansa. A sa gashin kaza a sharo tsutsotsin cikin roba mai murfi da 'yan huji, a sa ganye a ciki, kada a cunkusa su domin in yunwa ta kama su junansu suke ci. A sake su da yamma bayan ban ruwa, biyu ko uku a kan kowane garke.

A cikin ɗakin shuka

Ɗakin shuka na leda ko na raga, wanda ake kira girinhaus, lamarinsa dabam ne. Ragar da ke hana darɓa shiga tana hana maƙiyanta ma, saboda haka da zarar 'yan ƙalilan sun shigo a jikin dashe ko a rigar ma'aikaci, sun sami ɗumi da abinci babu mai takura musu. A nan dole a shigo da maƙiyan da hannu, kuma da wuri. A duba kowane dashe kafin ya shiga, a gyara yagar raga, a cire ciyawa ciki da kewaye. A rataya katin rawaya mai danƙo kaɗan a saman shuka domin sanin ranar da masu fukafukai suka iso, amma a rage su bayan an saki zanzaro, domin shi ma launin rawaya na jan sa.

A Holan da Beljiyam da Kenya akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, kiwon waɗannan ƙwari da sayar da su ga masu noman fure da kayan lambu. Wanda aka fi amfani da shi a kan darɓar kokwamba da tattasai shi ne zanzaron da masana ke kira Aphidius colemani, ɗan'uwansa Aphidius ervi kuma na manyan nau'o'in darɓa ne, don haka sai an san wadda ake fama da ita kafin a saya. Yana zuwa ne a matsayin busassun gawarwaki gauraye da garin katako a cikin kwalba. Ana zuba shi kaɗan-kaɗan a inuwa, a wuri busasshe da tururuwa ba za ta kai ba, kuma sakin kaɗan duk mako tun darɓa ba ta yi yawa ba ya fi sakin mai yawa sau ɗaya bayan ta mamaye. Akwai kuma wani ɗan ƙuda mai kama da sauro, Aphidoletes aphidimyza, wanda tsutsarsa ruwan lemo ce kuma takan kashe fiye da abin da za ta iya ci. Shi yana son danshi, kuma a ƙasa yake kwanciya ya rikiɗa, saboda haka ɗakin da aka shafe da siminti ko aka shimfiɗe da leda ba ya ba shi damar hayayyafa. Zafi shi ne babban cikas a wajenmu. Ƙarfin Aphidius colemani yana raguwa idan zafi ya haura digiri 30, ɗakin leda kuwa a Kano ko Maraɗi cikin watan Afrilu ya wuce haka tun hantsi. Lokacin hunturu, ko wuri mai sanyi kamar Jos, ya fi dacewa da shi.

Shigo da ƙwaro mai rai daga waje sai da izinin hukumar da ke kula da killace kayan gona, kuma akwai dalili. Wani mai-ɗigo ɗan asalin gabashin Asiya da aka saki a Amurka da Turai domin cin darɓa ya bazu har ya danne na gida a wurare da yawa. Inda aka yi abin bisa bincike kuwa an ga amfaninsa, kamar zanzaron da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta fara saki a 1981 a kan farin ƙwaron da ya addabi rogo a Afirka.

Ga wanda ba shi da hanyar saye, akwai dabarar tukwanen ajiya. A shuka alkama ko sha'ir ko masara cunkus a tukunya, idan ta yi kamar tsawon taƙi a ɗora mata ganyen hatsi mai darɓa, a kai ta cikin ɗakin tun kafin dashe, sannan a kawo ganye masu busassun gawarwaki da tsutsotsi daga waje a ajiye kusa da ita. Darɓar hatsi ba ta kama kokwamba ko tattasai ko tumatir, amma tana riƙe maƙiyan da rai har ranar da za a buƙace su. A shuka sabuwar tukunya duk bayan mako biyu domin tsohuwar takan mutu. A riƙa duba ƙofar da ke bayan gawarwakin: zagayayya mai santsin baki ta zanzaronmu ce, mai yagaggen baki kuma alama ce cewa wani zanzaron da ke cin namu ya shigo, kuma idan irin wannan ta yi yawa sai a ƙara dogaro da tsutsar mai-ɗigo da ta mai fukafukan leshi.

Inda wannan hanya ba ta kaiwa

Darɓa na ɗaukar cututtukan bairos daga shuka zuwa shuka, kuma wasu daga cikinsu cikin 'yan daƙiƙoƙi take sa su, tun tana ɗanɗana ganye. Babu mai-ɗigon da zai riga ta, feshi ma sau da yawa ba ya riga ta. Baƙar darɓar wake ita ce ke yaɗa kuturtar gyaɗa, cutar da ta halaka kimanin hekta dubu 700 na gyaɗa a arewacin Nijeriya a 1975. Maganin irin wannan yana wajen iri mai juriya, kamar wasu nau'o'in Samnut da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta fitar, da shuka da wuri, da matse tazara domin ganye ya rufe ƙasa. A lambu kuwa, a rufe wurin rainon tattasai da kankana da raga har zuwa ranar dashe, kuma duk shukar da ganyenta ya yi rodi-rodi ya motse a tuge ta da saiwarta, a sa a buhu kafin a ɗaga, a fitar da ita daga lambun a binne.